Yoyon da sandar awo ba ta gani a gidajen mai

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu gidajen mai da maƙwabtansu shi ne cewa haɗarin gidan mai bai wuce gobara da tauye lita ba, saboda haka muddin akwai bokitin yashi da tukunyar kashe wuta, famfo kuma yana ba da lita cikakkiya, to an sauke nauyi. Ko hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA, wadda ta gaji hukumar DPR a 2021, labarin da aka saba ji daga gare ta shi ne na rufe gidajen da suka yi algus ko suka ɓoye mai. Wannan ra'ayi ya bar jaki yana dukan taiki, domin ɓarna mafi daɗewa tana faruwa ne a ƙarƙashin siminti, inda tankin ƙarfe da bututunsa suke binne cikin damshi, tsatsa tana cinsu shekara da shekaru.

Hujjar da manajoji suka fi dogara da ita ita ce lissafi: kowace safiya ana zura sandar awo cikin tanki, a gwada abin da ta nuna da abin da famfo ya sayar, idan sun yi kusa da juna a ce tanki lafiya lau yake. Amma fetur yana kumbura da zafi, yana kuma tsukewa da sanyi, kusan lita 1 cikin kowace 1,000 a duk digiri guda, wato tanki mai lita 30,000 yana iya nuna bambancin lita 30 ba tare da ɗigo ɗaya ya fita ba. A cikin wannan giɓi ƙaramin yoyo yake ɓuya. Dokar Amurka ta 1988 ta buƙaci gwajin tanki ya iya gano zubar kashi ɗaya cikin goma na galan a awa, wanda a ido ba komai ba ne, kimanin lita 9 a yini, amma a shekara ya haura lita 3,000. Hatta babban yoyo yakan kuɓuce wa masu lura: a 2006, a garin Jacksonville na jihar Maryland, kimanin galan 26,000 suka tsiyaye daga bututun wani gidan man Exxon cikin fiye da mako biyar kafin a tsayar da shi.

Hujja ta biyu ta fi ta farko rauni, ita ce cewa ruwan rijiya da ba ya warin fetur ba shi da illa. Cikin fetur akwai benzin, sinadarin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, kuma ya fi yawancin abokan haɗinsa saurin narkewa a ruwa, don haka yakan yi gaba ya bar sauran a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyakar mikirogiram 10 a lita, wato kashi goma cikin miliyan na giram, adadin da hancin ɗan Adam ba ya kamawa. A Kano da Kaduna da Zariya, inda gidajen mai suka kutsa cikin unguwanni, burtsatse kuma ta maye gurbin ruwan famfo, 'yan garuwa suna cika jarkoki daga rijiyoyin da wani lokaci katanga kaɗai ta raba su da tanki, su tura kura zuwa gidajen da ba su san inda aka ɗebo ruwan ba.

Abin da ke ba da amsa tabbatacciya shi ne rijiyar sa ido, wato siririn rami da ake haƙawa a sa masa bututu mai huda-huda daidai inda ruwan ƙasa yake tsayawa, tunda fetur ya fi ruwa sauƙi, a samansa yake kwanciya. Ana buƙatar aƙalla uku a kewayen tankuna kafin a san inda ruwan yake gangarawa, kuma sai an ɗebi samfur da damina da rani, domin hawa da saukar ruwa yana shafa man a jikin ƙasa ya sake wanko shi daga baya. Samfurin ma yana da ƙa'ida: a ƙaramar kwalba ake cika shi taf ba tare da kumfar iska ba, a sa cikin ƙanƙara har ɗakin gwaji, in ba haka ba benzin ya tsere, takarda ta fito da sakamakon ƙarya.

Masu cewa wannan aiki ya yi tsada ga ɗan kasuwa ba su duba yadda aka yi a Amurka ba, inda wata doka ta 1986 ta sa ake cire kashi ɗaya cikin goma na senti daga kowane galan domin asusun share gurɓatar tankuna, an kuma tabbatar da yoyo fiye da 500,000 a faɗin ƙasar. Birnin Santa Monica ya rasa kusan rabin ruwan shansa a 1996 saboda MTBE, wani sinadarin da ake ƙarawa a fetur a lokacin. Wannan adadin yoyo mai yawa ya fito fili ne saboda doka ta tilasta a haƙa a duba, ƙarancin rahoto a Nijeriya kuwa ba ya nuna ƙarfen tankunanta ya fi nasu ƙwari. Mafi muni su ne gidajen man da suka daina aiki, aka cire famfunansu aka mayar da filin wurin wankin mota ko shaguna, alhali tankunan suna nan binne da ragowar mai a cikinsu, sabon mai wurin kuma yakan fara ne da haƙa burtsatse.