ZAUREN YAYYE MATA: Mu Koya Wa Ƙannenmu "In", "On" Da "At"

  

Yau dai zancen soyayya zai ɗan huta, masu jiransa ku yi haƙuri. Maganar ƙannenmu 'yan firamare zan yi, domin kusan kowacce a cikinmu ita ce malamar gidansu. Da yaro ya dawo da aikin makaranta za ki ji Umma ta ce, "Kai wa yayarka ta duba maka." Kuma in kin lura, abin da ya fi kayar da su a Turanci shi ne 'yan mitsi-mitsin kalmomin nan, in, on, at, under da behind, waɗanda Bature ke kira preposition, a nahawun Hausa kuma ake ce musu harafi. Wadda ta yi Islamiyya ta san 'yan uwansu a Larabci, wato haruffan jarri irin su min, ila, fi da ala.

Kada ki raina su don ƙanƙantarsu. Ni da nake rubuta littattafai na san yadda ɗaya daga cikinsu ke juya labari gaba ɗaya. In aka ce saurayi ya zo wajenki, sai murna. In kuwa aka ce ya biyo ta wajenki, to 'yar uwa ki sa ido a kan ƙawarki. Haka wanda ya yi magana da ke daban, wanda ya yi magana a kanki daban.

To ta ina za ki fara? Ki fara da Hausa, ki kuma fara daga jikin yaron. Yawancin kalmomin da muke nuna wuri da su daga sassan jiki aka samo su. Daga kai aka sami "kan tabarma", daga ciki "cikin ɗaki", daga baya "bayan gida", daga baki "bakin rijiya", daga gindi "gindin bishiya", har goshi ma bai tsira ba, ga "goshin magariba" nan. Ki ce ya taɓa kansa, sannan ya nuna miki kan kujera. Ya taɓa bayansa, ya nuna miki bayan ƙofa. Wallahi za ki ga idonsa ya buɗe, don abin da ya sani ne tun yana rarrafe.

Wata za ta ce ai Hausar za ta ɓata masa Turanci. Ba haka ba ne. A shekarar 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci duk tsawon shekara 6 na firamare, Turanci kuma ana koya musu shi a matsayin darasi. Da aka gwada su da waɗanda aka juya musu karatu zuwa Turanci, ba su gaza ba ko a Turancin. Abin da yaro ya gane da harshen uwarsa, a kansa yake ɗora na baƙo.

Bayan nan sai ki shiga da shi kicin ko tsakar gida, ba sai kin sayi komai ba. Ɗauki moɗa ki ɗora a kan randa ki ce on, jefa ta ciki ki ce in, ajiye ta bayan randar ki ce behind, ki kife faifai a kanta ki ce under. Kalma 3 ko 4 sun isa a rana. Washegari ki mayar da abin wasa: ɓoye ludayi, duk wanda ya gano ba za a ba shi alewa ba sai ya faɗi inda yake. Kuma kada ki karɓi under kaɗai, sai ya ce under the mat. Wannan haɗin na harafi da sunan da ke biye da shi, shi ne ake kira prepositional phrase, kuma shi ke amsa tambayar "ina?" ko "yaushe?" In ya saba faɗinsu a haɗe, rubuta jimla ba za ta ba shi wuya ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mu "a" guda ɗaya tana yi mana aiki da yawa: a Kano, a ranar Litinin, a makaranta. Bature kuwa ya raba ta uku: in Kano, on Monday, at school. Shi ya sa za ki ji yaro ya ce in Monday, kuma ba daƙiƙanci ba ne, Hausarsa ce ya fassara. Sai ki nuna masa da kayan ɗakin Umma. Shekara da wata kamar babbar kwalla suke, ana shiga cikinsu, saboda haka in 1995, in May. Rana kamar faranti take, ana ɗora abu a kanta, on Friday. Ƙarfen agogo kuwa kamar bakin allura yake, at 7 o'clock. Akwai 'yan kaɗan da sai dai hadda, misali mu "da safe" da "da dare" muke cewa, su kuwa in the morning amma at night. Haka in a car amma on a bus. Irin waɗannan ki rubuta masa a kwali ki manna kusa da inda yake kwana.

Ki kuma kula da fassarar kai tsaye. "Bakin ƙofa" at the door ne, "gindin bishiya" kuma under the tree. In ya kawo miki bakin mutum ko gindinsa cikin Turanci, ku yi dariyarku tare, sannan ki gyara masa.

Don Allah 'yan uwa, ban da ranƙwashi, ban da "kai wane irin jaki ne". Yaron da aka ranƙwasa a kan on da in, gobe shiru zai yi a aji ko ya san amsa. Na fi jin tausayin ƙannenmu mata. In namiji ya faɗi jarrabawar shiga sakandare, sau da yawa akan ce ya sake. In mace ce, a wasu gidajen sai ki ji an ce ba ta da kan boko, a ɗora mata farantin talla. Minti 15 bayan sallar isha'i, kafin a zauna hira, zai iya zama abin da zai riƙe ƙanwarki a makaranta, kuma ke ma naki Turancin zai gyaru, ga lada.

Ku gwada na mako 2, ku rubuto mini yadda kuka ƙare da su. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu koma kan maganar kayan lefe da kuka dame ni da ita. Allah Ya raya mana ƙannenmu, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.

Taku har kullum.