Damina Ta Sauya Hali, Mu Fa?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya tashi a Unguwar Rogo, cikin birnin Sakkwato, ya san shekara kashi huɗu ce, kowane kashi da hidimarsa. Da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, a kan fito da tabarmi a kwana tsakar gida, magina su dukufa ga yaɓe tun hadari bai taso ba. Da damina a nufi gona da irin gero da dawa da wake. Da kaka a cika rumbu, a ɗaura aure. Da hunturu kuwa hazo ya lulluɓe gari, 'yan lambu su gangara fadamar Rima don noman albasa.

Iyayenmu ba da ka suka bi wannan tsari ba. Malamai suna da lissafin taurari 28, bakwai ga kowane kashi na shekara, kowannensu kwana 13, in ban da guda mai 14. Manomi kan tambayi malam tauraron da ake ciki kafin ya zuba iri.

To, amma yau fa? Sai a yi ruwan shuka, iri ya tsiro, sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. Can kuma ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya tarar da magudanu cike da shara, ya kwana cikin ɗakunan mutane, katangun ƙasa su zube. Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A watan Satumba na 2010 kuwa, ambaliyar Rima ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har karatu ya tsaya. Ashe ke nan maganar yanayi ba ta manomi kaɗai ba ce.

Wani zai ce ai ruwa na Allah ne. Haƙiƙa haka ne, amma Hausawa sun ce, tashi in taimake ka. A kowace shekara Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya kan bayyana lokacin da ake sa ran faɗuwar damina da ɗaukewarta. Mutum nawa ne a Unguwar Rogo ke samun wannan bayani ta yadda zai amfane shi? Ga ilmin zamani a ofis, ga na gargajiya a zaure yana bin masu shi kushewa, mu da ya kamata mu sada su mun naɗe hannu.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki wannan nauyi. A lokacin hutu mu durƙusa gaban dattawa mu rubuta lissafinsu da alamomin da suke dubawa. Hasashen hukuma kuma mu mai da shi Hausa mai sauƙi, mu kai shi ƙofar mai unguwa kafin watan Mayu. Sa'an nan mu fito da shebur mu yashe magudanu tare da samarin unguwa, domin da sanyin safiya ake kama fara.

Ilmin da bai hana katangar maƙwabci faɗuwa ba, ina amfaninsa? Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.