KIWON LAFIYA: Ƙwayar Gyaɗa A Hanyar Numfashi

Da zarar kaka ta yi, sabuwar gyaɗa takan cika kasuwannin Yola da Jimeta, 'yan talla su yi ta kewaya unguwanni irin su Bako da dafaffiya da soyayya. Abinci ne mai gina jiki, amma ƙwaya ɗaya tak tana iya hallaka ƙaramin yaro. Domin a gane dalili, sai a duba yadda Allah ya tsara hanyar numfashi.

Daga maƙogwaro iska takan gangara cikin wani bututu mai tsawon inci 4 zuwa 5 a jikin babban mutum. Zobban guringuntsi 16 zuwa 20 ne suke riƙe da shi a buɗe. A bakinsa akwai ɗan murfi wanda yakan rufe shi duk lokacin da aka haɗiye abinci. A tsakiyar ƙirji bututun ya rabu biyu, reshe guda ya nufi huhun dama mai kashi uku, guda ya nufi na hagu mai kashi biyu, don ya bar wa zuciya wuri. Daga nan rassan suna ta rabuwa wajen sau 23, kamar bishiyar da aka kifa, har su ƙare a 'yan mitsi-mitsin jakunkuna fiye da miliyan 300, inda iska take saduwa da jini.

Reshen dama ya fi na hagu faɗi, ya kuma fi shi miƙewa, saboda haka abin da ya kuɓuce wa murfin nan galibi can yake faɗawa, ko da yake ga yara yana iya shiga kowane ɓangare. Yaron da bai kai shekara 3 ba, bututunsa bai wuce kaurin ƙaramin yatsansa ba, turamen haƙoransa ba su gama ƙwari ba, ga shi yana ci yana gudu yana dariya.

Babban haɗarin shi ne yaro yakan ƙware, ya yi tari mai tsanani, sa'an nan ya lafa, iyaye su ce abin ya wuce. Alhali gyaɗar tana ciki tana kumbura, manta yana ƙona naman wurin. Bayan 'yan kwanaki sai tari da zazzaɓi da shessheƙa, a yi ta maganin sanyin haƙarƙari yana dawowa. Gyaɗa kuwa ba ta cika fitowa a hoton ƙirji ba, watau sai iyaye sun gaya wa likita ranar da yaron ya ƙware kafin ya gano bakin zaren.

Akwai magani. Tun 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya zura bututu ya ciro ƙashi daga reshen dama na wani mutum, kuma da irin wannan hanya ake ciro gyaɗa har yau. Saboda haka a garzaya babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko da tarin ya tsaya.

In jariri ya kasa numfashi, a kifa shi a kan hannu, kansa a ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa sau 5. Kada a zura masa yatsa ana lalube. Yaron da bai kai shekara 5 ba kuwa, a niƙa masa gyaɗar, ko a dama masa kununta. Allah ya raya mana zuriya.