Labarin Wasu Ƙasashe: Daren da Manoman Biyetnam ke Bai wa Yara

Biyetnam ƙasa ce ta gabas mai nisa, kudu da ƙasar Sin. Mutanenta manoman shinkafa ne. Suna cikin ƙasashen da suka fi sayar da shinkafa a duniya.

Suna da lissafin wata nasu na gargajiya. Ran 15 ga watansu na 8, daren da wata ya cika, suna yin biki mai suna Tet Trung Thu. Yakan faɗo cikin Satumba ko farkon Oktoba. A 2024 ya faɗo ran 17 ga Satumba, a 2025 kuma ran 6 ga Oktoba.

Bikin na yara ne. Mutanen ƙasar sukan ce aikin gona ya raba uwaye da ƴaƴansu. Uba ya fita da asuba, uwa na cikin ruwa tana dashe, yaro bai samu mai zama da shi ba. To, wannan dare biyan bashi ne.

Tun da sauran kwanaki ake haɗa wa yara fitilu. Ana tsaga gora, a ɗaure ta kamar tauraro mai kusurwa 5, a rufe da jar takarda, a sa kyandir ciki. Wata fitilar kuma siffar kifi gare ta. Yaran karkara sukan tara ƴaƴan wani babban lemu, su shanya, su jera su a waya. Suna da mai, da an kunna sai su kama. Dabara ce mai kyau, ba ta cin ko dala.

Da dare ya yi, yara su fito layi layi da fitilu, ana kiɗan ganga. Samari su shiga rigar dodo mai kan zaki, suna rawa gida gida, ana ba su kyauta.

A tsakar gida an ajiye faranti cike da ayaba da lemu da waina iri 2, ta gashi da ta garin shinkafa mai danƙo. Cikinsu akwai wake mai zaƙi ko gwaiduwar ƙwai mai gishiri. Sai wata ya yi sama a raba. A arewacin ƙasar akwai kuma kom: ɗanyar shinkafa ce da ba ta gama nuna ba, a gasa, a daka, a bakace. Ita ce tumunsu.

Tsofaffi su ba da tatsuniyar Kuwoi, mai saran itace. Ya samu wani itacen magani, dangin ceɗiya, wanda ba ya son ruwan ƙazanta. Matarsa ta manta ta zuba masa. Itace ya tuge ya yi sama, Kuwoi ya kama saiwa, ya tafi da shi har cikin wata. Inuwar da ake gani a wata, in ji su, shi ne zaune gindin itacensa. Fitilun yara na nuna masa hanyar gida.

Yanzu kasuwar titin Hang Ma a birnin Hanoi ta cika da fitilun roba masu batir. Amma ƙauyen Bao Dap bai bar sana'ar gora da takarda ba. Kowace shekara gidajen ƙauyen na haɗa taurari, ƴan kasuwa na ɗauka zuwa birane.