A Fitar da Takardun Masu Rubuta wa Yara Daga Adaka

Duk wanda ya san Yamai ya san gidan tarihi na ƙasa da ke ɗauke da sunan Boubou Hama, kuma akasarin mutane a matsayin ɗan siyasa suke tuna shi, wanda ya shugabanci majalisar dokoki har zuwa juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974. Kaɗan ne ke tuna cewa wannan malamin lakkwal, haifaffen Foneko kusa da Tera a 1906, ya zauna ya rubuta wa yara littattafai tare da wata Bafaranshiya mai suna Andrée Clair, irin su Le baobab merveilleux na 1971 da La savane enchantée na 1972. A Faris aka buga su, da Faransanci, kuma yau da wuya ɗan Filinge ko ɗan Bonkuku ya ci karo da ɗaya daga cikinsu. Mutumin nan dai shi ne ya bi gari-gari yana tattara rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, tarin da ya zama harsashin sashen rubutun hannu na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake ƙirga wajen guda 4,000. Bayan juyin mulki shi kansa ya yi shekaru a tsare, amma tarin bai faɗi tare da shi ba, domin ya zama na cibiya, yana da lamba da mai tsaro. Wannan gata da aka yi wa takardun malaman addini shi nake nema wa takardun masu rubuta wa yara, kuma iyalansu ne ya kamata su fara yunƙurin tun kafin a zo rabon gado.

Kada a ɗauka maganar ta manyan marubuta ce kaɗai. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973, ƙasar Nijar ta samar da marubutan yara da ba a kiran su da wannan suna. Akwai mushen da ya tsara littafin karatun aji ɗaya, da jami'in yaƙi da jahilci da ya rubuta gatanar da ya ji a bakin tsofaffi, da ma'aikatan cibiyar INDRAP mai tsara littattafan makaranta, da waɗanda suka yi wa maɗaba'un Albasa da Gashingo aiki, da masu zanen hotunan da ke sa yaro ya buɗe littafi tun bai iya haɗa baƙi ba. Ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, mai tsohuwar hulɗa da boko, ba ta rasa irin waɗannan. Idan ɗayansu ya kwanta dama, ana raba gona da shanu da kekunan ɗinki, sai adakar takardu ta rage a lungun ɗaki ba mai nema. Gara ta ci rabonta, ɗigar damina ta ci nata, abin da ya saura ya ƙare a hannun mai ƙosai tana naɗe wa yara kalaci. Ba mugunta ke kawo haka ba. Magada ba su taɓa jin cewa akwai inda ake karɓar irin wannan kaya ba.

Za a ce ai littafin ya riga ya fito, me za a yi da tarkacen da aka bari a baya? A nan ne nake ganin an juya al'amarin. Littafin da aka buga yana da kwafi ɗaruruwa, ko ya ɓace a Filinge ana iya samun sa a wani wuri. Kayen da marubucin ya fara zuba labarin a ciki kuwa guda ɗaya ne tak a duniya. A cikinsa ake ganin sunan tsohuwar da ta ba da gatanar da ƙauyen da aka ji ta, Shikal ne ko Tunfalis. A cikinsa ake ganin Hausar Kurfayawa yadda ta fito daga baki, da kalmomin da ta ara wajen maƙwabta Zabarmawa da Buzaye, kafin mai gyara a Yamai ya daidaita ta da Hausar littafi. A cikinsa ake ganin abin da aka soke: waƙar da aka ga ta yi tsawo, dodon da aka ga zai firgita yara, wasiƙar mai ba da kuɗin bugu yana neman a sauya ƙarshen labari. Masu nazarin Magana Jari Ce sun daɗe suna bin diddigin yadda Abubakar Imam ya ɗauko labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa ya sa musu rigar Hausa. Irin wannan gwaninta a daftari take bayyana ƙarara, inda hannu ya rubuta ya goge ya sake, kuma matashin da ke son koyon sana'ar ya fi ƙaruwa da shafi guda mai gyare-gyare fiye da lacca goma.

Wasu ƙasashe sun gane haka tuntuni. A Amurka, Lena de Grummond ta fara rubuta wa marubutan yara wasiƙu a 1966 tana roƙon su daftarinsu da zanensu, abin da ya zama babbar ma'adana a Jami'ar Kudancin Misisipi. A Munik ta Jamus, Jella Lepman ta buɗe ɗakin karatun yara na duniya a 1949, ƙasar tana cikin kangon yaƙi. Wannan na biyun shi ne amsata ga mai cewa yanzu ba lokacin takardu ba ne, ga rashin tsaro a jihar Tillaberi, ga ɗaruruwan makarantu a rufe, ga mutanen Abala da Sanam suna barin gidajensu. Gaskiya ne rai ya fi takarda. Amma mai gudun hijira tabarma da tukunya yake ɗauka, adaka a baya ake barin ta, saboda haka lokacin tashin hankali shi ne lokacin da takardu suka fi salwanta. Kai su Yamai, tafiyar kilomita wajen 180 daga Filinge, bai kai kuɗin buhun hatsi ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta gado, kuma ba a raina ta. Takardun mamaci dukiyar magada ce, babu mai hurumin ƙwace su da sunan kishin ƙasa. Sai dai shari'a da kanta ta buɗe ƙofa: mutum na iya yin kyauta ko wakafi yana raye, yana kuma iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Adakar takardu da ba ta da farashi a kasuwar Filinge ba za ta kai sulusin kowa ba. Ba da takarda kuma daban, sallama haƙƙin mallaka daban. Iyali na iya miƙa kayan su riƙe haƙƙinsu, in an sake buga littafin su ci moriyarsa ta hannun hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallaka. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya a rubuce, da jerin abin da aka miƙa ɗaya bayan ɗaya, da sharaɗin cewa wasiƙun da suka shafi sirrin gida za su zauna a rufe har shekarun da iyali suka yanka. Kada kuma a tsince masu kyau a zubar da sauran, domin rasit na maɗaba'a ma shaida ne kan kwafi nawa aka buga da nawa aka biya marubuci.

Akwai masu cewa ma'adanar hukuma ma ba tudun mun tsira ba ce, kuma suna da abin nunawa. A Janairun 2013 an ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbutu, a Janairun 2015 kuma wuta ta cinye cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Damagaram da ɗakin karatunta. Abin da wannan ke koyarwa shi ne kada a dogara da wuri guda. A ajiye na asali a Yamai, a IRSH ko a ma'adanar takardu ta ƙasa, kasa-kasan murya a kai su CELHTO da ta ƙware a adana adabin baka, sannan a ɗauki hoton kowane shafi a kwamfuta. Nan kuma ne zan goyi bayan masu ƙorafin cewa duk abin da ya shiga Yamai ba ya dawowa. Ya zama sharaɗi a cikin yarjejeniya cewa kwafi zai koma Filinge, a ma'aikatar magajin gari ko a ɗakin karatun wata makaranta, inda jikokin masu ba da gatanar za su iya gani. Cibiyar da ta ƙi wannan sharaɗi ba ta cancanci kyautar ba.

Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za a bukaci littattafan yara masu yawa cikin gaggawa, kuma hanya mafi arha ita ce a fara da abin da malaman da suka gabata suka riga suka rubuta suka gwada a aji. Ma'aikatar al'adu da jami'a su ware ko da ɗaki guda da ma'aikaci guda don takardun marubutan yara, su sanar a gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci. Tsofaffin malaman Kurfai da ke raye su jera takardunsu da hannunsu tun suna iya faɗin wace ce wace. Wanda kuma ya gaji adaka, ya buɗe ta kafin damina mai zuwa.