Kiɗan Da Ba Ya Korar Ɗan Koyo

Da zarar an ɗaure dammunan gero da dawa an zuba a rumbu, ƙauyukan arewacin Kano sai su ɗauki haramar biki. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, yanki ne da gona ta jingina da gona, gida na hango gida, ta yadda in ana shagali a wannan unguwa, ta gaba tana ji. Abin da ake ji yanzu iri ɗaya ne ko'ina: janareta na ruri, lasifika biyu a kan benci, wani matashi riƙe da waya yana sauya waƙa. Sauti ya ƙaru, masu yin sa sun koma mutum ɗaya, shi ma danna waya kawai yake yi. Ra'ayina shi ne mun tafka asarar da ba mu lissafa ba, kuma ta fi shafar tarbiyya a kan nishaɗi.

Kiɗa a ƙasar Hausa kashi biyu ne. Akwai na sana'a, wanda galibi gado ne: kotson fada irin na Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, kalangun mahauta, gangar noma, kiɗan 'yan dambe irin na Ɗan Anace. Wannan kashi ya yi sa'a. Gidajen rediyo sun naɗe shi, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi littattafai a kansa, kuma yau yana cikin wayar kowa. Kashi na biyu shi ne kiɗan kowa da kowa, wanda ba a ɗauko mai yin sa daga wani gari, ba a kuma biyan sa: kiɗan ƙwarya na matan gida, shantu, luguden daka, waƙar daɓe, gaɗar 'yan mata a dandali, tashen yara a watan azumi. Shi wannan ba shi da tauraro, don haka ba wanda ya lura da ranar da ya fara janyewa.

A dubi yadda ake zaman kiɗan ƙwarya a cikin gida ranar suna ko wunin biki. Ana cika babbar ƙwarya ko kwano da ruwa, a kifa ƙarama a kai, ta ba da amo mai zurfi. Sauran ƙore a kife su a ƙasa, kowace da nata sautin gwargwadon girmanta. Tsohuwar da ta fi kowa hannu ita ke ɗaukar wadda ake yin salo da ita. Amaryar bara da ba ta taɓa bugawa ba, ba a ce mata ta koma gefe ta yi kallo. Ana miƙa mata 'yar ƙwarya da tsinke, a ce: "Ke 'yar nan, bugu ɗaya za ki riƙe. Kada ki bi ni, kome kika ji na yi." Ta ce: "To, Gwaggo, in na ɓata fa?" A ce: "In kin ɓata ki tsaya ki saurara, za ki ji inda muke." Wadda ma ba ta samu ƙwarya ba tana da tafi, mai murya tana da amshi, wadda ta fi kowa maƙogwaro ta saki guɗa. Kafin la'asar ba sauran 'yar kallo a tsakar gidan.

Hikimar tsarin tana cikin rabon aiki. Sassan kiɗan ba su zo daidai a wahala ba, da gangan. Akwai bugun da yaro zai iya riƙewa a rana ɗaya, akwai salon da sai an shekara ana yi. Kuma mai sauƙin ba na ado ba ne, a kansa komai ya hau. In mai riƙe da shi ta yi sauri, gwanar ma sai ta watse. Haka abin yake har a wajen makaɗan sana'a: yaron da ke buga kuntuku a bayan mai kalangu, ko kanzagi a bayan mai ganga, shi ne ƙarami a cikinsu, amma ba a tashi kiɗa sai da shi. A lugude ma, mata biyu ko uku a turmi ɗaya, wata na wurga taɓarya sama ta tafa ta cafe, wata iyakarta ta sauke tata a kan lokaci. Duka ana bukatar su, don in ɗaya ta kuskure, taɓare ne za su yi karo.

Wannan tsari bai mutu gaba ɗaya ba. Yana nan da ransa a zaman mandiri na 'yan Ƙadiriyya. Duk wanda ya taɓa ganin Maukibi, jerin gwanon da marigayi Shaikh Nasiru Kabara ya assasa, wanda ake tashi daga Kabara zuwa Maigiginya a watan Rabi'us Sani, ya ga tawagogin da suka zo daga ƙauyuka. Masu bugun nan manoma ne, da teloli, da 'yan tireda, da ɗalibai. Dattijo mai furfura na tsakiya yana jan ragama, yaro ɗan shekara goma sha na gefe yana kallon hannunsa. Yana nan kuma a wajen 'yan faretin Islamiyyu da 'yan agaji masu badujala a lokacin Maulidi. Mai busa ɗaya ya ƙware, na kusa da shi har yanzu iskar ke kuɓuce masa, amma layi ɗaya suke, kaki ɗaya suka sa.

Ba zan ɓoye ba, irin wannan kiɗa ba ya fita sumul. Kunnen da ya saba da waƙar situdiyo, wadda kwamfuta ta goge mata duk wani tuntuɓe, zai ji gargada. Kuma zama da ɗan koyo yana da cin rai. Gwani yana so ya ruga, dole ya ja birki. Ana maimaita wuri guda har ya gundure shi. Wani lokaci ma ɗan koyon ne mai taurin kai, ya fi kowa ƙarfin bugu, ya fi kowa kuskure. Shi kuma mai rauni yana fama da kunya, yana jin duk idon jama'a a kansa yake. Mutane da dama sun bar irin wannan zama saboda kalma ɗaya ta gori.

To amma a nan amfanin yake. Wurare nawa suka rage mana inda babba da yaro, mai iyawa da marar iyawa, za su yi aiki ɗaya a lokaci ɗaya, kuma sakamakon ya dogara ga kowannensu? A makaranta jarrabawa ce ke raba su, na ɗaya daban, na ƙarshe daban. A kasuwa kowa tasa ta fisshe shi. A zaman kiɗa kuwa dole ka saurari na kusa da kai fiye da yadda kake sauraron kanka. Gwani yana koyon haƙuri, ɗan koyo yana koyon tsayawa a matsayinsa har lokacinsa ya yi. Kamar a gayya ne: wanda ya riga kowa fitar da kunyarsa ba ya zuwa inuwa ya zauna, juyowa yake ya tari na baya.

Kuma daga irin wannan fili gwanayen ke fitowa. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji kiɗa ba. A dandalin Musawa ya fara, cikin samari 'yan uwansa. Amadar da Barmani Choge ta Funtuwa ta kai ko'ina kafin rasuwarta a 2013, asalinta ƙwaryar da matan aure ke bugawa a tsakar gida ce. Da an ce sai gwani zai taɓa ƙwarya, da ba a samu gwanar ba.

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. A Kinshasa ta ƙasar Kongo, wani matuƙin jirgin sama da ya rasa aikinsa, Armand Diangienda, ya kafa ƙungiyar makaɗa irin ta Turai a 1994, mai goge manya da ƙanana da kayan busa. Mutanensa masu sana'o'in yau da kullum ne, da 'yan kasuwa da masu gyaran lantarki, akasarinsu ba su taɓa riƙe irin waɗannan kaya ba. Kayan ma ba su isa ba, sai karɓa-karɓa ake yi, wasu kuma suka sassaƙa da kansu. Bayan an tashi daga aiki ake haɗuwa a yi atisaye. A 2010 aka fitar da fim a kansu, duniya ta gan su suna kaɗa manyan ayyukan Beethoven. A Benezuwela kuma, shirin da José Antonio Abreu ya fara a 1975 ya ɗauki 'ya'yan talakawa yana zaunar da su cikin ƙungiya tun suna farkon koyo, wanda ya ɗan iya ya koya wa na bayansa. Abin da waɗannan suka gano da goge, kakanninmu mata sun daɗe da sanin sa da ƙwarya.

Me ya janye shi daga ƙauyukanmu? Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kuma wasunsu alheri ne. Injin niƙa da na casa sun sauƙaƙa wa mata wahala, sai lugude ya ragu. Siminti ya shigo, daɓe ya tafi da waƙarsa. Gonaki sun tsuke saboda rabon gado, ga ƙwadago ga maganin feshi, sai gayya ta zama labari a wurare da yawa. Samari na tafiya ci-rani da an gama kaka, daidai lokacin da ake da sararin zama. Hayar lasifika ba ta da tsada, kuma ba ta bukatar a yi atisaye. A birni, 'yan sanda sun sha dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da ke fakewa da shi, yaran kirki suka sha hukuncin laifin wasu. Ga kuma tsohuwar ƙyamar da muke yi wa makaɗi: muna son kiɗansa, ba ma son ɗanmu ya zama shi. Ba wanda ke cewa a mayar da mata ga turmi don a ji lugude. Amma aikin da ya tafi ya tafi da makarantarsa, ba mu kuwa gina wata a madadinta ba.

Na san wani mai karatu zai ce: ai kiɗa malamai sun yi magana a kansa. Gaskiya ne, saɓani ne daɗaɗɗe, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Sai dai malamai da yawa sun halatta wa mata buga duffi a biki da ranar idi. Tambayata ga iyaye ita ce: tsakanin matan gida goma sha da ke buga ƙwarya a bayan katanga da rana tsaka, tsofaffi na zaune, da lasifikar da ke tara samari da 'yan mata a ƙofar gida har tsakar dare da waƙoƙin da ba wanda ya tace, wanne ya fi kusa da kunyar da muke kuka ta tafi? Wurin da muka bari ba shiru ne ya cike shi ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya. A zamanin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da Samariya, ƙungiyoyin matasa na gari da unguwa, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙauye har matakin ƙasa. Matasa da yawa a Maraɗi da Damagaram a nan suka fara hawa dandamali. Amma da yake abin a hannun hukuma yake, yabon gwamnati ya yi masa yawa, kuma da mulkin ya shuɗe sai ya yi sanyi. Darasin a bayyane yake: hukuma ta taimaka daga gefe, kada ta karɓe ragama. Mu ma mun ga yadda ƙungiya ke lalacewa ranar da ɗan siyasa ya saya mata riguna masu hotonsa.

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare, amma a makarantu da yawa a allo yake ƙarewa. Shugaban makaranta a Bagwai ko Kunci zai iya gayyato tsohuwa ɗaya mai hannu ta zauna da 'yan mata sa'a guda a mako. Ƙore da shantu a gonar garin suke fita. Islamiyyun da ke da 'yan fareti su daina tuna su sai Maulidi ya matso, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa ta fita ƙananan hukumomi ta naɗi salon bugun tsofaffin nan tun suna raye, ta mayar wa makarantun garuruwansu. Dagatai da masu unguwanni su tsaya wa tashen yara ƙanana a ƙauyukansu, inda kowa ya san ɗan kowa.

Sharaɗi ɗaya ne zan roƙa a kiyaye a duk inda aka kafa irin wannan zama: kada a yi tankaɗe a ƙofa. Ranar da aka ce sai wanda ya iya zai shiga, an koma neman taurari, kuma waɗannan muna da su a waya. Ku gwanaye, ku rage gudu, ku bar gori. Ku iyayen biki, kafin ku aika a ɗauko mai lasifika bana, ku ba matan gida wuni ɗaya da ƙorensu, ku kuma tabbatar an miƙa wa ƙaramar cikinsu tata.