Sojan da ya rasu a gadon likita

Ƴan uwa, in ana zancen ƴan mazan jiya, waɗanda suka dawo gida muke tunawa. Su ne aka gani da lambobi a ƙirji. Su ne suka ba da labarin jirgin ruwa da sanyin Turai. To, wanda bai dawo ba fa? Akwai wanda harsashi bai kashe shi nan take ba. An ɗauke shi zuwa likita, ya yi kwana da kwanaki yana jinya, sannan rai ya yi halinsa. Shi wa ke faɗin sunansa?

A yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, Faransa ta kwashi maza wajen 200.000 daga ƙasashen baƙar fata da take mulka. Wajen 30.000 ba su dawo ba. Akwai ƴan ƙasarmu a ciki. Amma duk sunan ɗaya Nasara ya ba su: sojojin Senegal, ko da mutum bai taɓa shan ruwan Senegal ba.

Su wa aka ɗauka? Kumandan yana gaya wa sarki yawan mutanen da yake so. Sarki kuwa ba kasafai yake ba da ɗansa ba. Ɗan talaka ake kamawa, da ɗan bawa, da wanda ba shi da mai tsaya masa. Jiya yana riƙe da hauya, yau an ɗora masa bindiga.

Ran 16 ga Afrilu 1917, a wani tudu na arewacin Faransa da ake kira Chemin des Dames, an tura su gaba cikin ruwa da ƙanƙara. Yatsun wasu sun sandare, har ba su iya sarrafa bindiga. Dubbai suka faɗi. Masu rauni da marasa lafiya da yawa an kai su kudu, inda sanyi ke da sauƙi. A garin Menton kaɗai, bakin teku, an binne fiye da 1000 da suka cika a gidajen likita. Sai a 2012 aka gina musu wurin tunawa a maƙabartar garin. Ku lissafa shekarun da kanku.

Ku duba halin mutumin nan. Yana kwance, ciwo na cin sa. Mai jinya ba ta jin harshensa. Ba uwa, ba ƙane, da wuya a samu mai laƙanta masa kalmar shahada. A gida kuma ana ta zuba ido. Wata uwar har ta mutu tana cewa ɗanta na hanya.

Wasu za su ce yaƙin Nasara ne, ina ruwanmu. Gaskiya ne, ba yaƙinmu ba ne. Amma jinin namu ne. A ganina kuskure ne mu bar wa Faransa aikin tunawa da shi. Tana da takardu, har ta zuba su a intanet: suna, lambar soja, ranar mutuwa, da abin da ya kashe shi. Sai dai magatakarda ya rubuta sunan yadda kunnensa ya jiyo, sau da yawa a karkace. Takardar ba ta san gonarsa ba, ba ta san an yi masa baiko ba. Wannan a bakin tsofaffinmu yake, su kuma kullum raguwa suke.

Yanzu kun iya riƙe alƙalami. Ku je wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwa. Ku tambaye ta wa aka tafi da shi soja bai dawo ba, ko a yaƙin farko ko a na Hitila. Ku rubuta sunansa, da na ubansa, da garinsu, da sana'arsa. In ba a san shekara ba, a rubuta sarkin da ke kan gado a lokacin. Ku kawo takardar aji, mu karanta tare.